Godiya bayan na sauke kundin nan

Alhamdulillahi, an gama. Waɗanda suka bi ni a wannan tafiya sun san yadda kwamfuta ta ta mutu da babi biyu a cikinta, da yadda aka yi ta ɗage ranar kare kundina na lissafi, don haka ba zan sake tono su ba. Na yi barci jiya irin wanda rabona da shi tun kafin na fara babi na uku.

Abu ɗaya ne yake ta dawo min. Ranar kare kundin, ana tsakiyar tambayoyi, baƙon farfesan da aka gayyato ya tashi ya rubuta 4,294,967,297 a kan allo, ya miƙo min alli, ya ce in nuna masa ko tana rabuwa. Lambar da na shekara biyu ina kwana ina tashi da ita! Wallahi kaina ya ɗauke ɗif. Ina kallon allon, hannuna na rawa, allin ya karye gida biyu, rabi ya faɗi ƙasa.

Bai yi min dariya ba. Ya sunkuya da kansa ya ɗauko guntun, ya ce, "Malama, ki natsu. Fermat ma a kan wannan lamba ya yi tuntuɓe, kuma babu wanda ya ƙwace masa suna." Gaskiya ya faɗa. Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya duba 3, 5, 17, 257 da 65,537, lambobin da ake samu idan aka jera 2 sau 1, 2, 4, 8 ko 16 aka ninka su aka ƙara 1, ya ga babu wadda take rabuwa sai da kanta ko da 1, sai ya ɗauka duk danginsu haka suke. Ta gaba da su ita ce wannan ta kan allo, wato a jera 2 har sau 32 a ninka su, a ƙara 1. Sai a 1732 Euler, wani masanin lissafi ɗan Switzerland, ya fasa ta, ya nuna tana rabuwa.

Jin haka numfashina ya dawo. Na tuna duk abin da zai raba ta dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1, na bi waɗanda ba sa rabuwa a cikinsu, 193, 257, 449, 577, na isa 641. Na yi rabawar a gabansu layi bayan layi, 6,700,417 ta fito, babu saura. Ita ma ba ta rabuwa, ke nan ginshiƙai biyu kacal ke ɗauke da wannan ƙatuwar lamba. Farfesa, Allah ya saka maka da alheri, ya tsaya maka ranar da kai ma ƙafa za ta yi rawa.

Malamina da ya duba aikin, Allah ya ƙara girma. Maigida, na san ba ka son a ambace ka, ka yi haƙuri: kai ka ba ni aron kwamfutarka wata uku kana aikinka da waya. Yaya Babba da ta riƙe min yaro duk daren da na raba ina rubutu, Allah ya raya naki, ya sa su ji ƙanki. Inna, addu'arki ce. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Baba da ya fara koya min ƙidaya da tsakuwa.

Akwai 'yan uwan da suka ce me mace za ta yi da lissafi, har yau ban ji ko kiransu ba. Ba komai, wataƙila waya ce babu caji.

Guntun allin yana cikin jakata, na ɗauko shi da zan fito.