Abin da na karanta a jirgin Agege zuwa Oyingbo

Tun da jirgin ƙasa na Jan Layi (Red Line) a Legas ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, safiyata ta samu wani sarari da na daɗe da fidda rai da shi. A da, idan na fito daga gida a Agege bayan sallar asuba, a cikin danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, nake ƙare mafi yawan safiyar kafin in isa wurin aiki a tsibirin Legas, kuma duk wanda ya san danfo ya san cewa ba a buɗe littafi a cikinta, domin hannu ɗaya yana riƙe da jaka, ɗayan yana tsaron aljihu, kunne kuma yana wurin kwandasta. Yanzu nakan hau jirgi a tashar Agege, mu bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, kuma a wannan ɗan tsakanin na dawo da ɗabi'ar karatu wadda na yi sakaci da ita shekaru da dama. A watannin nan na gama littattafai shida, uku na Turanci da na saya a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Ojuelegba, uku kuma na Hausa da na tono daga akwatin da na taho da shi daga Zariya tun zuwana na farko.

Na fara ne da labarin binciken kisan kai, The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a 1926. An kashe wani attajiri a ɗakin karatunsa a wani ƙauyen Ingila, likitan ƙauyen ne yake ba da labarin, mai binciken kuwa shi ne Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam da ya yi ritaya ya koma noman kabewa. Ba zan faɗi ƙarshensa ba, domin yin haka zalunci ne ga wanda bai karanta ba. Abin da zan faɗa shi ne, da na kai shafin ƙarshe sai na koma farko na sake bin surorin da aka yi kisan a cikinsu, ina neman inda marubuciyar ta yi mini ƙarya, kuma ban samu ko wuri ɗaya ba. Duk abin da nake bukata don in gano mai laifin ta ajiye mini shi a fili, ni ne dai na wuce shi saboda na riga na yanke wa kaina wanda zan amince da shi. Wannan shi ne ladabin irin wannan rubutu, kuma ina ganin ya yi kusa da ladabin kacici-kacici da muka taso da shi: mai tambaya yana da ikon ya karkatar da hankalinka, amma ba shi da ikon ya ɓoye maka abin da amsar ta dogara a kansa. Idan ka gaza ka ba shi gari, ya faɗi amsa, dole ka ji a ranka cewa da ka natsu da ka gano. Na sha karanta labaran da ake jefo mai laifi daga sama a sura ta ƙarshe, mutumin da ba a taɓa ambatonsa ba, kuma irin waɗannan ba na ƙara komawa ga marubutansu.

Daga nan na shiga The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, na 1971, wanda aikinsa ya saɓa wa na farkon gaba ɗaya. A nan babu abin da aka ɓoye. An san wanda aka yi hayarsa ya yi kisan, an san waɗanda suka biya shi, wato ƙungiyar tsofaffin sojojin Faransa da suka fusata saboda Shugaba de Gaulle ya bar Aljeriya ta samu 'yancin kai a 1962, kuma duk mai ɗan sanin tarihi ya san cewa de Gaulle ya mutu ne a gidansa a 1970 ba tare da kowa ya harbe shi ba. Duk da haka sau biyu jirgi yana isa tashar Oyingbo ban ankara ba saboda littafin. Na yi ta tunanin dalili, sai na lura cewa marubucin ya ɗora nauyin labarin ne a kan yadda ake yin abu: yadda ake samun fasfo da takardar haihuwar yaron da ya rasu tun yana ƙarami, yadda ake ƙera bindigar da za a iya wargaza ta a ɓoye, yadda ɗan sanda ɗaya mai haƙuri yake bin sawu ta wayar tarho daga ƙasa zuwa ƙasa. Forsyth ɗan jarida ne, har ya yi aikin ɗauko labaran yaƙin basasar Nijeriya daga ɓangaren Biyafara, kuma hannun ɗan jarida ya fito sarai a rubutun. Aibin littafin a wurina shi ne mutanensa ba su da zurfi. Na rufe shi ban ji kewar kowa ba.

Ƙagaggen labarin kimiyya ban saba da shi ba, kuma Legas ce ta ja ni gare shi. Mai sayar da littattafan ya miƙo mini Lagoon na Nnedi Okorafor, na 2014, ya ce a garin nan aka yi shi. Wasu halittu daga sararin samaniya ne suka sauka a cikin teku daura da Bar Beach, suka fara hulɗa da mutum uku: wata masaniyar halittun ruwa, da wani soja, da wani mawaƙi ɗan Gana. Abin da ya burge ni shi ne yadda garin ya karɓi baƙin, kowa da abin da yake so ya ci da su, daga mai wa'azi zuwa ɗan damfara zuwa matashin da ke ɗaukar hoto da wayarsa, kuma wannan Legas ce da na sani. Akwai wuraren da labarin ya watse saboda yawan muryoyi, har na rasa wa nake bi. Akwai kuma wani baƙin ciki da marubuciyar ba ta yi niyyarsa ba, domin Bar Beach ɗin da muka sani, inda mukan kai yara ranar sallah su ga teku, yanzu aikin Eko Atlantic, sabon birnin da ake ginawa inda aka cike teku, ya cinye shi, sai a littafi ake samunsa.

Lagoon ne ya tuna mini cewa ai muna da namu, sai na buɗe akwati na ciro Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. An buga shi a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, kuma labarin wani yaro ne da baƙo daga sama ya ɗauke shi ya zaga da shi sararin samaniya. Ƙaramin littafi ne, an rubuta shi ne domin matasa, kuma koyarwar da ke cikinsa takan danne labarin a wasu wurare. Amma da na ba 'yata mai shekara goma sha biyu, wadda Hausarta ta baka ce kawai saboda Turanci da Yarbanci ake koya musu a makaranta, kwana uku ta yi tana haɗa baƙi har ta gama shi, sannan ta zo ta ce mini, "Abba, ashe ana rubuta irin wannan da Hausa? A ina za mu samu wani?" Na yi mata alkawarin zan nema, kuma tambayar tata ta zauna mini a rai fiye da littafin kansa.

Ɓangaren raha ba sai na tsawaita ba, domin Ruwan Bagaja na sake karantawa, kuma babu ɗalibin Hausa da bai san Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Abubakar Imam yana da shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta shi, domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Abin da na gani yanzu wanda ban gani ba ina ɗalibi shi ne, dariyar tana fitowa ne daga ramuwar gayya tsakanin mutum biyu da ƙarfin wayonsu ya zo ɗaya, kowa ya kayar da ɗan'uwansa yau, gobe a kayar da shi. Wata rana a jirgi dariya ta ƙwace mini har wata dattijuwa Bayarbiya da ke kusa da ni ta tambaye ni abin da nake karantawa. Na yi ƙoƙarin fassara mata wurin, sai na tarar rabin daɗin ya tsaya a cikin Hausar ya ƙi ƙetarawa.

Wanda ya fi kowanne tsaya mini shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma daga waccan gasa ta 1933 ya fito. A makaranta mun karanta shi ne don jarrabawa, muka haddace sunayen garuruwa muka wuce. Yanzu da nake da iyali, kuma nake zaune nesa da mahaifiyata, sai na ga littafin ya zama wani abu dabam. Umar yana ba ɗalibansa labarin rayuwarsa a Rauta: yadda aka yi wa mijin mahaifiyarsa, Makau, sharri a fada har aka kore shi, yadda aka sace shi kansa yana ƙarami, yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetara Sahara da shi zuwa Ber Kufa ya rene shi ya ba shi ilimi. Amma zuciyar littafin tana wurin mahaifiyar, wadda ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, aka yi ta tafiya da ita har Tarabulus, kuma ba ta sake ganinsa ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Marubucin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Yana faɗin harin kama bayi kamar yadda ake faɗin fita farauta, domin haka mutanen wancan zamani suka ɗauke shi, kuma wannan natsuwar ce ta sa abin ya fi ciwo. Ina ganin nan ne ƙagaggen labari mai tushe a tarihi yake cin jarrabawarsa ko ya faɗi: ko marubuci zai bar mutanen da su yi tunani irin na zamaninsu, ko kuwa zai cusa musu bakinmu na yau domin ya wanke su ko ya tsine musu. Tafawa Ɓalewa ya bar su yadda suke, har Makau, mutumin kirki a labarin, da harin bayi yake ci.

Karanta shi a Legas ya ƙara masa nauyi. Daga Oyingbo nakan hau mota zuwa tsibiri, in wuce ta dandalin da ke ɗauke da sunan marubucin, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar 'yancin kai a ranar 1 ga Oktoba, 1960. Malamin makarantar da ya rubuta wannan ɗan littafi shi ne ya zama Firayim Minista, kuma a garin nan sojoji suka ɗauke shi a daren juyin mulkin Janairun 1966, aka tsinci gawarsa bayan kwanaki a gefen hanyar Abeokuta. Dubban mutane suna ambaton dandalin kullum da haruffa uku na Turanci, TBS, kuma ina shakkar ko ɗaya cikin ɗari ya san cewa mai sunan ya taɓa rubuta labarin wata uwa da ɗanta.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ɗan kasuwar goro wanda ya shekara fiye da hamsin a Agege, idonsa ya yi rauni, sai na riƙa karanta masa Shaihu Umar bayan sallar isha'i, sura ɗaya kowane dare. Da muka gama ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ya rubuta tafiyar arewa. To, tafiyar kudu fa, wa ya rubuta ta? Mu da iyayenmu da suka biyo goro har Ikko, wa ya ba da labarinmu?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ai sai ku faɗa mana mu rubuta." Tun daren nan nake juya maganar, domin kayan labari suna nan zube a gabanmu. Ga kasuwar Mile 12 inda manyan motocin tumatir da albasa da barkono suke sauka tun tsakar dare, kuɗi masu yawa suna canza hannu bisa amana ba tare da takarda ba. A irin wannan wuri, dillali ɗaya ya ɓace da safe ya isa ya ɗauki littafin bincike sukutum. Ga Idi-Araba, ga Obalende, ga Alaba Rago, ga fadar Sarkin Hausawa inda ake sasanta rigingimun da ba sa kaiwa kotu. Kuma ba za a ce Hausa ba ta iya ɗaukar irin wannan rubutu ba, tunda a 1982 an buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, aka kuma buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a wannan shekarar. Littattafan soyayya da na zaman aure da suka mamaye kasuwa daga baya suna da masu karatunsu kuma sun raya rubutun Hausa a lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, ba na raina su, sai dai ina son 'yata ta samu abin da za ta ɗauka bayan Tauraruwa Mai Wutsiya.

Dattijon ya amince zai riƙa ba ni labarin fataucin goro kowace Lahadi da yamma, ni kuma in ɗauka a waya in rubuta, kuma mun riga mun yi zama biyu. A na biyun ya kai ni har shekarar da ya fara hawa jirgin ƙasa daga Kano zuwa Iddo yana saurayi. Ya kuma nemi in samo mana Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, domin ya ce ya ji ana karanta shi yana yaro kuma yana so ya sake ji. Nawa kwafin ya ɓace, masu littattafan Ojuelegba kuwa ba sa ajiye na Hausa, saboda haka na aika wa ƙanena a Zariya ya saya ya ba wani direban motar albasa da zai taso ranar Alhamis.