Balan-balan ɗaya, sawu biyu zuwa Ƙofar Ruwa

Talata. Ko kokona ban gama sha ba wani direban tirela ya kira ni: "Oga, bodina ya kwanta." Jiya da yamma ya yi lodin masara a Dawanau zai nufi Legas, da asuba ya tarar da gefen hagu ya karkace kamar jakin da mangalarsa ta rinjaya.

Na ɗauki yarona muka je. Bodin ɗan Beljiyam ne mai ƙafa uku, aksil na kamfanin BPW, irin wanda ke zaune a kan balan-balan na iska maimakon sifirin. Muka tada mota, tankin iska ya cika, na watsa ruwan sabulu. Balan-balan na tsakiya ne ya soma kumfa, daidai inda robar ke naɗewa a kan fistin, wato gindin da balan-balan ɗin ke zaune a kai. A nan yashi ke maƙalewa, ya yi ta cin robar a hankali har ta huje.

Daga nan ne na yi wauta. Na ɗauki hoton lambar da ke jikin robar, na tura wa mai kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya ce akwai, na je na karɓo. Da muka ɗaga shi za mu ɗaura, ƙusoshin farantin sama suka ƙi shiga ramukan shasi, bakin iskar ma ya koma wani gefen da tiyo ba zai kai ba. Yarona ya sunkuyar da kai wai kada in ga yana dariya.

Abin haushin, na san wannan tun ina yaron gareji. Lambar jikin roba ta robar ce kaɗai, kuma roba iri ɗaya ana haɗa ta da faranti da fistin kala-kala. Cikakkiyar lamba tana kan takardar da ake mannawa a faranti, ita kuwa rana da ƙura ba sa barin ta. Na Firestone da W01 take farawa: in 358 ya biyo baya, awon Amurka ne na inci, in M58 ne, awon milimita. Notin wannan ba ya hawa zaren wancan, kowa ya tilasta shi sai ya ci zare. Na Goodyear kuwa za ka ga kamar 1R12, wato irin mai naɗewa, faɗinsa wajen inci 12. BPW na da 30 da 36, milimita 300 da 360 ke nan. Ka cusa 36 a mazaunin 30, kafin ka kai Zariya ya fara gogar abin da ke kusa da shi.

Bayan azahar na kwance tsohon gaba ɗaya, na jefa shi a A Daidaita Sahu na koma. Wannan karon da tef a hannu: yawan ƙusoshin sama da tazarar da ke tsakaninsu, inda bakin iska ya faɗo, ramukan ƙasan fistin, tsawonsa in ya miƙe da in ya tsuke. Na leƙa da tocila ta bakin iska na ga akwai dunƙulen robar nan ta ciki, wadda bodi ke zama a kanta in iska ta ƙare. Sai a na huɗu da aka sauko da shi komai ya zauna. Mai kayan, Allah ya saka masa, ya karɓi na farko bai ce uffan ba.

Da muka ɗaura, na duba shokar wajen, ta jiƙe sharkaf da mai. Ita ce ke hana balan-balan miƙewa fiye da ƙima in ƙafa ta faɗa rami, don haka na ce a canja ta tare da balan-balan na dama, tunda sa'anni ne. Direba ya kira mai mota, na ji muryarsa daga inda nake tsaye: "Shokar dai, ɗayan sai ya dawo." To.

Na daidaita sandar bawul ɗin tsayi, bodi ya miƙe ɗas, na sake watsa ruwan sabulu, shiru. Ana kiran isha'i ya ja motarsa. Tsohon farantin na rubuta masa lambar sabon da fenti, na rataye shi a ƙusa bayan ƙofar shago, don na dama yana nan tafe.