Ni na shafe sunan jirginmu da fenti

Rubutun mota na koya tun ina yaro, a wani garejin manyan motoci da ke Damagaram, kan hanyar fita zuwa Tanut. Mai kamiyo zai kawo motarsa an gama mata bodi, ya ce a rubuta masa "Haƙuri maganin zaman duniya" a goshi, ko "Sai da rai", ko sunan mahaifiyarsa. Uban gidana ba ya yarda a tsoma burushi a fenti sai mai mota ya faɗi dalilin sunan. Yakan ce mini, "Yaro, fenti ɓarewa yake yi, amma suna bin mota yake har bola."

A 2009 na bi wata motar kaya zuwa Kwatano. Kankare tsatsa da shafa fenti na samu a tashar jiragen ruwa, daga nan na yi takardun aikin teku, na yi ƴan shekaru a jiragen dakon kaya, sai a 2014 Allah ya ba ni aiki a wani tsohon jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Otal ne sukutum yana tafiya a kan ruwa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci da tafkin wanka a can sama. Tafkin nan ya daɗe yana tsaya mini a rai. Ni da na tashi ina jiran ɗan ga-ruwa a ƙofar gida da bazara, ga ni inda ake tace ruwan gishiri ya koma na sha, a cika kwarmi da shi don mutane su yi iyo.

A makona na farko aka zuro ni da igiya gefen goshin jirgin in gyara fentin sunansa. Ina goge wurin da hannu sai na ji tudu-tudu a ƙarƙashin farin fenti. Da na duba da kyau, haruffa ne da aka zana da walda, sunaye biyu, wani kan wani, kuma babu wanda ya yi kama da sunan da nake gyarawa. Da na hau na tambayi shugabanmu, wani dattijo ɗan ƙasar Filifin da ya fi shekara talatin a teku. Ya ce ai wannan ne sunansa na uku. Jirgi yakan fara da babban kamfani yana sabo, masu kuɗi na rububinsa. In ya kwana biyu, an ƙera waɗanda suka fi shi girma, sai a sayar wa ƙaramin kamfani, a sake masa launi da suna da tuta. Nan take na gane, don haka motocinmu suke zuwa mana: ta gama aiki a Turai, ta sauka Kwatano, ta yi tashe a Damagaram, ta ƙare tana jigilar buhunan gero ranar kasuwar ƙauye.

Bikin suna kuwa sau ɗaya na gan shi da idona, a 2018, da aka ba da aronmu ga wani sabon jirgi na ƴan watanni. Ashe kafin ranar suna an riga an yi wasu bukukuwa biyu a wurin ƙira: ranar da aka ɗora ƙarfen farko na gindin jirgi, inda ake manna tsabar kuɗi da walda don neman sa'a, da ranar da aka buɗe wa ruwa hanya ya ɗaga shi. Sunan shi ne na ƙarshe. Kwana huɗu muka yi muna aiki a kansa. Kowane harafi ya fi ni tsayi, ni da nake rubuta sunan kamiyo da burushi ɗan yatsa biyu. Aka rufe sunan da ƙyalle, aka rataya ƙatuwar kwalbar giya a jikin wani ƙarfe mai lilo, aka yi ta gwaji da wasu kwalabe.

Gwajin nan ba wasa ba ne a wurinsu. Sun yi imani in kwalba ta ƙi fashewa, jirgi ya shiga duniya da ƙafar hagu. Har yanzu ma'aikatan teku na ba da labarin jirgin Queen Victoria, wanda kwalbarsa ta ƙi fashewa a 2007 lokacin da Camilla, matar Charles na Ingila wanda yake Yarima a wancan zamani, ta raɗa masa suna. Shi ya sa ake ɗan tsaga jikin kwalbar tun da wuri don kada ta ba da kunya. Ni dai na gaya wa shugabanmu ba zan taɓa kwalbar ba, kuma bai matsa mini ba, ya mayar da ni wurin igiyar ƙyallen.

Yawanci mace ce ke raɗa sunan, ana kiranta uwar jirgi. Sarauniya Elizabeth ta biyu ita ta raɗa wa Queen Mary 2 suna a Southampton ranar 8 ga Janairun 2004, jirgi mai tsayin mita 345 da aka ƙera a Saint-Nazaire ta Faransa. Yanzu har maza ana kira, don Lionel Messi ne ya yi wa Icon of the Seas a Miyami a Janairun 2024. Tamu uwar jirgin ta hau dandamali, limamin kirista ya yi addu'a, ta faɗi kalmomin da aka gada: ta raɗa masa suna kaza, Allah ya albarkace shi da duk wanda zai yi tafiya a cikinsa. Ta danna maɓalli, kwalba ta tarwatse, na ja igiya, ƙyalle ya faɗi, jirgi ya busa ƙaho har ƙirjina ya girgiza. Ban ɓoye ba, hawaye ya zo mini. Ranar sunan ƙanena na tuna, a zauren gidanmu da ke Birni: liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta, ana raba goro, rago na ɗaure a waje. Ɗan Adam ko'ina yake, in ya samu sabon abu mai daraja, sai ya tara mutane ya kira shi da suna, ya roƙa masa tsari.

Na koma tsohon jirginmu. Sai korona ta zo a 2020, yawon shaƙatawa ya tsaya cak a duniya. Jirgin da ba ya ɗaukar fasinja cin kuɗi kawai yake, mai da gadi da albashi, don haka kamfanoni suka fara da tsofaffi. A shekarar nan jiragen da suka yi suna irin su Sovereign da Monarch da Carnival Fantasy duk a Aliaga ta ƙasar Turkiyya suka ƙare, jere da juna ana yanka su. Namu ma can aka nufa da shi. Daga ma'aikata ɗaruruwa aka bar mu ƴan kaɗan mu raka shi.

Wanda ya saye shi dillali ne, nauyin ƙarfe yake biya, ba ruwansa da tarihi. Aka sauke tutarmu aka ɗaga wata, aka kuma ce a gajarta sunan don tafiyar ƙarshe. Al'ada ce: a shafe wasu haruffa, abin da ya rage shi ne sabon suna, kamfani ya tsare mutuncinsa kada a ga sunansa a mayanka. Ni aka zuro da igiya. Babu ƙyalle, babu mai addu'a, ni kaɗai da bokitin fenti da abin shafawa. Na yi bisimilla na shafe. Minti ashirin bai cika ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a gida duk wanda ya ci goron sunanka, in yana raye zai bi gawarka. A teku ban ga haka ba. Dubi jirgin France, wanda Yvonne, matar Janar de Gaulle, ta raɗa wa suna a Saint-Nazaire a 1960, mai tsayin mita 316, abin alfaharin Faransa baki ɗaya. A 1979 aka sayar da shi, aka sake masa suna Norway. Tukunyar tururinsa ta fashe a Miyami a 2003 ta kashe ma'aikata, daga nan bai sake ɗaukar fasinja ba, ya ƙare a gaɓar Alang ta Indiya da sunan Blue Lady. Kaɗan ne ke tsira. Queen Mary na farko yana ɗaure a Long Beach ta Amurka tun 1967, Queen Elizabeth 2 kuma ya zama otal a Dubai a 2018. Saura mayanka huɗu ne ke jiran mafi yawansu: Alang, Citagong ta Bangaladash, Gadani ta Pakistan, da Aliaga.

Da muka cusa goshinsa kan tudu aka kashe injin, shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba cikin shekara shida. Kafin mu sauka masu saye sun shigo. Katifu, kujeru, tukwanen girki, fitilu, kwale-kwalen ceto, komai da mai shi. Wannan bai dame ni ba, ɗan Damagaram ya san darajar tsohon ƙarfe, mu da muke narka gwangwani mu yi tukunya, mu mayar da ƙarfen mota garma. Mutanen da ke yankan ne suka tsaya mini a rai. Tsohon jirgi cike yake da ragowar mai da fenti mai guba da wani farin abu kamar auduga da ake naɗe bututu da shi, asbestos, wanda ƙurarsa ke kwanciya a huhu ta yi shekaru kafin ta kashe mutum. A Gadani wata tankar mai ta fashe a Nuwamban 2016 ana cikin yanka ta, mutane da dama suka mutu. Akwai yarjejeniyar Hong Kong da aka ƙulla a 2009 don tsare waɗannan ma'aikata, amma sai a Yunin 2025 ta fara aiki. Shekara goma sha shida ana jira, ana kuma yanka.

Ga kuskuren da na yi, ina faɗa don yaranmu da ke tafiya Kwatano da Lome neman aikin teku. Da na dawo na nemi ragowar haƙƙina da takardar shaidar aiki, sai aka ce babu jirgi mai wannan suna a rajista. Gaskiya suka faɗa, da hannuna na shafe shi. Wata takwas ina aika saƙo ba amsa, sai dattijon nan ɗan Filifin ya turo mini lambar jirgin. Kowane babban jirgi yana da lamba mai alƙaluma bakwai daga hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, kuma ba ta canzawa ko an sake suna da tuta sau goma. Da ita aka gano ni cikin takardu. Don haka ranar da ka taka jirgi, rubuta lambar nan ka aiko gida. Ka tabbata an buga hatimi a littafinka na aikin teku kafin ka sauka. In tafiyar ƙarshe ce, kada a ɗaga anga sai ka ga kuɗin komawarka gida a rubuce, domin haƙƙinka ne a dokar aikin teku ta 2006. Farin audugar nan kuma, ko an ce ka yage ta, ka ƙi.

Yanzu na buɗe rumfata a Sabon Gari, na koma rubutun mota. Uban gidana ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma na je na durƙusa na ba shi labarin duka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ka shafe, tsofaffin sunayen na nan a ƙasa?" Na ce, "Suna nan, Baba, walda ce, fenti ba ya cin ta." Ya gyaɗa kai ya ce in miƙo masa butarsa.

Alƙaluma bakwai ɗin na rubuta su da shuɗin fenti a saman ƙofar rumfa. Direbobi kan tambaya ko lambar waya ce da ta rasa ɗaya. In ba na sauri, nakan ajiye burushi in ba su labarin jirgin.