Takardar da na miƙa wa wani

Ranar Lahadin da ta wuce, da na dawo daga kasuwa wajen la'asar, na tarar da ɗan ƙanwata a zaurena shi da wani abokinsa, sun baje takarda a kan tabarma. Matasan unguwarmu ne suka nemi ganawa da manyan gari ranar Alhamis a gidan matasa na nan Tawa, kan maganar magudanar ruwan da ke toshewa duk damina. Tun ambaliyar 2024, in hadari ya taso da dare ba mai runtsawa a layinmu. Yaron nan shi ya bi gida-gida ya ƙidaya katangun da suka zube, shi ya zauna da tsofaffi ya ji inda ruwa yake bi tun da can, shi ya rubuta komai. Na karanta, ban ga abin gyarawa ba. Sai na ji yana ce wa abokin, nan ka ɗaga murya, nan ka ɗan dakata. Na ce, to wa zai tsaya ya yi maganar? Ya ce, "Kawu, shi zai yi. Ni in na miƙe gaban mutane bakina bushewa yake yi, ƙafafuna ba su ɗaukata." Yana faɗi yana murmushi, kamar wanda ya sami mafita.

Na shige ɗaki na zauna bakin gado, ko hula ban cire ba. Wannan murmushin na san shi, na yi shekara talatin ina yin irinsa.

Nawa tsoron a lakwal ya fara. A zamaninmu akwai abin da ake kira sambol, wani guntun ƙashi da aka huda aka sa wa igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a harabar makaranta sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta baza kunne ya kama wani, domin wanda yamma ta riska da shi a wuya shi zai sha bulala. Haka muka tashi muna auna kowace kalma kafin ta fita. Ina ajin ƙarshe na firamare sufeto ya kawo ziyara, mushe, wato malamin ajinmu, ya tsame ni domin ni ke zuwa na ɗaya a rubutu. Na miƙe, na naɗe hannu a ƙirji, na fara. A Hausa rana mace ce, wata namiji. A Faransanci kuwa an juya su. Bakina ya bi harshen uwata, na ce la soleil maimakon le soleil. Aji ya kwashe da dariya. Mushe bai dake ni ba, maimaitawa kawai ya yi sau uku yana jan kalmar, yana kallon baƙo. Har na bar makarantar ana kirana da wannan suna. Yau ina da shekara sittin da ɗoriya, amma ina iya gaya maka launin rigar da sufeton ya sa.

Ba zan ɗora wa malamin komai da komai ba. Yara nawa aka yi wa dariya a wannan aji suka kakkaɓe riga suka ci gaba? Ni ne na ɗauki abin na ajiye, na yi masa ɗaki, har na yi masa suna mai kyau. Na kira shi kunya. Kowa a Adar ya san darajar yaro mai kunya, wanda ba ya ɗaga ido gaban manya, kuma ga hadisi ya ce kunya tana daga imani. Sai na fake a nan. Ana yabona, ana cewa wane ba shi da hayaniya, ni kuwa na san abin da ke cikina bai da alaƙa da imani, gudun dariya ne kawai.

Da na sami aikin akawu a Yamai sai abin ya zame mini sana'a. A 1991 aka buɗe taron ƙasa ranar 29 ga Yuli, Farfesa André Salifou yana jagoranta, aka yi ta yi har 3 ga Nuwamba. Duk inda ka bi rediyo na manne a kunne, mutanen da jiya ba su iya tari gaban hukuma suna tashi suna faɗin abin da ke ransu. Zazzaɓin ya shigo har ofishinmu, ga albashi ana bin bashi. Abokan aiki suka ce ni zan yi magana da yawunsu a taron ƙungiyarmu, tunda ni ke riƙe da lissafi. Na amsa. Kwana huɗu ina haddace jawabin kalma bayan kalma kamar mai tilawa, ina zagaya tsakar gida da dare. Ranar taron aka miƙo mini makirufo, na yi sallama, na faɗi jimla biyu, sai wani a baya ya ja kujera ta yi ƙara. Shi ke nan. Kalma ta gaba ta ɓace, da ta ɓace duk na bayanta suka bi ta, domin da igiya ɗaya na ɗaure su. Ina jin bugun zuciyata cikin kunnuwana, takarda tana kaɗawa a hannuna har na layin gaba suna gani. Na juya na miƙa wa na kusa da ni. Ya karanta da murya mai kauri, aka tafa masa, bayan wata biyu aka zaɓe shi wakili.

Daga ranar na zama marubucin jawabin wasu. Kuma bari in faɗi gaskiya, ban ɗauki hakan a matsayin faɗuwa ba, har gobe wani sashe na zuciyata bai yarda faɗuwa ba ce. Ba kowa aka halitta da baki ba. Na ga masu baki da yawa waɗanda ba su san kan abin da suke faɗi ba, na ga waɗanda bakinsu ya kai su gidan kaso, na ga waɗanda ya kai su kujera suka manta da mu. Ni na ci da iyalina da alƙalami, ban cuci kowa ba. Ina ma da hujja daga Alƙur'ani wadda nake maimaita wa matata duk lokacin da ta yi mini ƙorafi: a Suratul Ƙasas, aya ta 34, Annabi Musa ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, ya roƙi a aika shi tare da shi. Nakan ce, in Annabi ya nemi mai taya shi magana, ni wane ne? Shekaru na yi ina riƙe da rabin labarin. Wani malamin zaure ne ya ce mini in koma in karanta Suratu Ɗaha da Shu'ara'i da kyau. Musa ya roƙi a buɗe masa ƙirji, a warware ƙullin harshensa, an kuma ba shi Haruna, amma da aka je gaban Fir'auna shi ya tsaya yana amsa tambaya bayan tambaya da bakinsa.

Sai dai wannan karatun ya zo mini a makare, bayan maganar gona.

Mahaifinmu ya rasu ya bar gonar gero a ƙauyenmu. Iyakarta ta gabas wani tsohon gawo ne da layin gamba da shi da kansa ya dasa. Ina yaro na sha bin sa muna taka wannan iyaka, yana nuna mini da sanda. Bayan rasuwarsa maƙwabta suka riƙa cin kunya ɗaya, kunya biyu duk shuka, har magana ta kai fada domin sulhu. Yayana yana Abijan wajen nema, kamar rabin mazan ƙauyenmu, saboda haka ni aka kira daga Yamai. Na kwana a mota, na zo da bayanina a rubuce shafi uku. Fada ta cika, dogarai, limamai, tsofaffi, ƴan kallo har bakin ƙofa. Sarki ya ce akwai mai magana cikin ɗiyan marigayi? Na ji yawuna ya ƙafe. Na zura hannu aljihu na ciro takardar na miƙa wa wani ɗan baffanmu mai zaƙin baki, wanda a birni ya girma. Ya yi bayani mai daɗin ji. Sai wani dattijo ya tambaye shi, gawon da kake faɗi, na bakin hanya ko na wajen fadama? Gawo biyu ne a wurin. Takardata ba ta bambance ba, domin a kaina abin a fili yake. Ya waiwayo ya dube ni. Kowa ya dube ni. Kalma uku ce amsar, na san ta kamar sunana, amma na sunkuyar da kai. Ya yi canke, ya ce na bakin hanya. Aka raba a kan haka, aka yi fatiha, aka rubuta. Kusan sulusin gonar ya tafi.

Da muka koma gida mahaifiyata tana tankaɗe a bakin murhu, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai da munka sa lakwal don ka yi muna magana." Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Nakan ce wa kaina ai sulhu aka yi, zumunci ya ɗore, ƙila da na yi magana da rigima ta kai kotu an yi shekaru ana asara. Ƙila haka ne. Amma duk damina in na je ƙauye sai na ga geron wasu a tsaye a inda ubana ya dasa gamba.

Daren Lahadin nan na zauna na jera shawarwari goma da zan ba yaron da ire-irensa. Da safe na duba, yawancinsu surutu ne. Ga waɗanda suka rage.

Kada ka miƙa takardarka. Kowa na iya karanta abin da ka rubuta, amma bayan karatu tambaya ke zuwa, ita kuwa sai wanda ya taka wurin da ƙafarsa. Ranar Alhamis wani zai ce ruwan daga wane lungu yake fara taruwa, abokinka mai murya zai waiwayo ya dube ka.

Rawar jikin kuma ba ciwo ba ce, ba kuma sammu ba ne. Wani likita abokina ya bayyana mini: akwai wasu ƴan halittu a saman ƙoda masu sakin sinadarin adirenalin in mutum ya tsorata. Shi ke sa zuciya gudu, tafin hannu ya yi gumi, yawu ya ɗauke. Jiki ne ke shirin faɗa ko gudu, kuma in ka daure ka ci gaba yakan lafa da kansa. Ka riƙe ruwa kusa, ka saki numfashi a hankali ya fi tsawon wanda ka ja, kada ka ɗirka shayi mai ɗaci kofi uku kafin ka shiga. Nan Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, garin ƴan kokowa ne, je ka tambayi duk wani tsohon ɗan kokowa mai gaskiya yadda cikinsa ke yi kafin ya shiga fili. Wanda na tambaya ya ce har ya bar kokowa gwiwarsa ba ta daina rawa ba, kirarin da yake yi rabinsa kansa yake yi wa. Kuma na ji abin da wasunku ke yi, wai a haɗiyi tiramol a sami ƙarfin zuciya. Ƙwayar nan tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, tana jefa wasu cikin farfaɗiya. Duk wanda ya miƙo maka ita kafin taro ba masoyinka ba ne.

Abin da ke ƙona mini rai da ku matasan yau shi ne, ku ba a rataya muku ƙashi a wuya ba. Kuna zaune a fada, majalisarku ta hira, daga magariba har ɗaya na dare kuna gardamar ƙwallon Turai, kuna aika saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp, kuna tsayawa gaban waya kuna surutu a TikTok dubban mutane na kallo, amma a ce ku miƙe gaban dattawa goma ku faɗi abin da ya dami unguwarku sai kowa ya ce bakinsa ya bushe. Waya ba ta da ido, shi ya sa. In ka yi kuskure sai ka goge ka sake. Ku fita ku koyi magana a inda ba a gogewa.

Kada ka haddace, haddar ce ta kashe ni a Yamai. Ka san maganarka gaba uku ko huɗu, ka rubuta kanunta a ƴar takarda, ka faɗa wa ƙannenka a tsakar gida da ƙarfi, sau biyar, kowane karo da kalmomin da suka zo. Amma sallamar da jimla biyun farko ka haddace su sarai, domin a nan ne kai ke ɗaukewa, baki kuwa yana buƙatar abin da zai yi kafin hankali ya dawo. Ka yi da Hausa in an bari, harshen da kake mafarki da shi ba ya gudu ya bar ka. Ko da yake wannan ma ina faɗinsa da ɗar-ɗar, domin Faransancin da yawancinku ke rubutawa abin takaici ne, kuma ba na son ku fake da maganata ku ƙi koyo.

Ni sai da na haura hamsin na fara buɗe baki, a taron kwamitin masallacin unguwa kan kuɗin rufi. Muryata ta yi rawa daga farko har ƙarshe, na manta gaba ɗaya cikin ukun da na shirya. Ba wanda ya yi dariya, wani ma ya ce in maimaita adadin kwanon. Tsoron bai tafi ba, ko a taron iyayen yara na watan jiya sai da tafin hannuna ya jiƙe. Saboda haka ba zan ce wa yaron zai wuce ba, ban ga ya wuce ba.

Jiya na kira shi na ba shi labarin gawo, wanda ko uwarsa ba ta san yadda aka yi ba. Ya yi shiru, ya ce, "Kawu, in na kakare fa?" Na ce ka kakare a tsaye, ka sha ruwa, ka ci gaba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai karɓi takardarsa daga hannun abokin ya ninke ya sa aljihu. Na gaya masa ranar Alhamis zan zauna a layi na uku ta hannun dama, in ya rasa inda zai sa ido ya dube ni.