Abin da muka koya wajen shimfiɗa ciyawar roba a harabar majami'a a Yamai

Filin da kwamitin majami'ar ya ware mana mita 30 ne a tsawo, 20 a faɗi, wato murabba'in mita 600, tsakanin ginin ibada da katangar baya. Matasa ƙwallon mutum biyar-biyar suke so. Ita ciyawar kanta kwana uku ta ɗauke mu. Aikin da ke ƙarƙashinta kuwa ya ci mako uku, kuma a can ne kuɗi da kuskure suke.

Mun kwashe santimita 30 na rairayin sama har muka tarar da ƙasa mai tauri. A nan muka ci karo da saiwoyin dogon yaro da gidan gara guda biyu. Gara ba ta cin roba, amma tana rarake ƙasa, bayan damina ɗaya sai wurin ya lotsa. Mun tone gidajen har ƙasa, muka zuba magani, muka cike da jar ƙasa. Daga nan sai jar ƙasa mai marmara santimita 15, a hawa biyu, kowane hawa a yayyafa ruwa a bi da injin daɓe. A lissafi mita kubik 90 ne, amma daɓe yana cinye ta, sai da kamiyo ya kawo kusan 115. Alamar danshin da ya dace: ka dunƙule ta a hannu ta tsaya, ba ta ɗiga ba, ba ta wargaje ba.

Gangare a kan jar ƙasar ake fitar da shi, ba a sama ba. Mun ɗaga tsakiyar filin, muka saukar da santimita ɗaya a kowace mita zuwa gefe biyu, wato santimita 10 a mita goma. Igiya da tiyon awon ruwa na magina sun ishe mu. Sai ƙyallen jewotekstil, mai hana ƙasa cakuɗa da dutse amma ruwa yana ratsa shi, sai fasasshen dutse santimita 10 (mita kubik 60), sai garin dutse santimita biyu da rabi don sulɓi. Tsakuwar gulbi mai santsi ba ta yi, ba ta kama juna, ƙafa na taka ta tana gudu. Kewaye da filin maso ya zuba dakalin sima, muka bar masa ƙofofin ruwa duk bayan mita biyu, suna zuba cikin kwata.

Kuskurenmu babba shi ne rufin majami'ar. Mun auna ruwan da zai sauka a kan fili, muka manta da wanda kwano zai juyo masa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rabin rufin da ke kallon filin ya kai murabba'in mita 300, don haka ruwan Agusta mai milimita 50 yana watso lita 15,000 a layi guda. Ruwan farko mai ƙarfi ya wanke garin dutsen gefen, ciyawar ta yi kwari kamar akushi a wuri uku. Dole muka ɗaga ta, muka sake daɓewa, muka sa indararo da bututu mai kai ruwan kai tsaye cikin kwata. Da an yi shi tun farko, ko rabin abin da gyaran ya ci ba zai ci ba.

Ciyawar muka zaɓi mai gashi milimita 30, da katifar roba ta milimita 10 a ƙarƙashi. Ba mu zuba baƙin garin taya da ake sawa a manyan filaye ba, saboda a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, yana ƙara wa fili zafi da wari. Ko babu shi ma, da azahar ba a taka wurin da ƙafa tsirara. Naɗin ciyawar yana zuwa da faɗin mita huɗu. Mun yi odar guda takwas masu mita 20 da rabi, kuma a lissafa jinkirin hanya, don bayan rufe iyakar Benin a 2023 kaya sun koma biyowa ta Lome da Burkina.

A warware naɗin a bar shi ya kwana ya miƙe, gashin duka yana kallon gefe ɗaya, in ba haka ba filin zai fito kala biyu. Yanka daga baya ake yi, tsakanin layukan ɗinki, da sabuwar reza. Haɗin baki bakwai ne, mita 140, ban da fararen layuka da su ma yankawa ake a liƙa. Kol ɗin liƙawa mai haɗi biyu ne, ana shafa shi a kan kaset, wato ƙyallen da ake sawa ƙarƙashin haɗin, mai faɗin santimita 30. A zafin rana yana daskarewa cikin bokiti kafin a kai ƙarshen layi, mun yi asarar bokiti guda a haka. Daga baya sai muka koma farawa bayan asuba, mu tsaya ƙarfe tara. Akwai wani dalilin kuma: robar tana buɗewa da rana, ta tsuke da dare, abin da aka yanka daidai da tsakar rana da safe za a tarar da shi da giɓi.

Yashi kilo 20 a kowane murabba'in mita, tan 12 ke nan. Na gulbi muka saya, muka wanke, muka shanya, muka tankaɗe sau biyu. Mai laka yana toshe hudojin ruwa, mai danshi kuma ba ya shiga cikin gashin. A zuba kaɗan-kaɗan, ana bi da buroshi mai tauri.

Saura abin da injiniya ba ya rubutawa a takarda. Harabar majami'a wurin taro ce. Ƙafar babur tana huda ciyawa, turken rumfar biki ma haka, garwashi ɗaya daga murhun girkin Kirsimeti yana narkar da ciyawa kamar faɗin tafin hannu guda. Wani dattijon kwamiti ya ce mini, "Ɗana, to bikin aure fa a ina za a yi?" Na ce, "Baba, a yi a nan, amma rumfa da buhunan yashi za a danne ta, kujeru kuma a kan katako." Muka kewaye filin da waya mai ƙofa ɗaya da babur ba ya shiga, aka mayar da girki bayan katanga. A lokacin hunturu ƙura tana cika gashin, don haka shara da buroshi sau ɗaya a mako, ganyen dogon yaro kuma a kwashe shi kafin ya ruɓe.