Saura mako biyu biki

Shekara tara ke nan ina gyaran jiki a wani ɗan shago a Kano, ni da yara biyu masu taya ni. Da dilka da halawa na fara, a hannun wata 'yar Maiduguri na koya. Yanzu kuwa rabin aikina ya koma gyaran ɓarnar man bilicin.

Kwanakin baya wata Hajiya ta kawo min 'yar ƙanwarta, saura mako biyu a ɗaura mata aure. Ko zama ba su gama yi ba ta ce, "Anti, so nake ki wanke min ita tas, dangin ango su rasa bakin magana." Na ce yarinyar ta miƙo hannu. Gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, bayan hannu fari sol, jijiyoyi kore shar sun fito raɗa-raɗa. Ga nankarwa ja a damtse, alhali ba ƙiba ta yi ba. Na ce, "'Yata, me kike shafawa?" Ta zaro wata 'yar roba daga jaka, ba suna ba lamba, haɗi ne ta saya a Instagram.

Irin wannan haɗin kusan na haddace shi. A matse tub ɗin clobetasol, maganin da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don ƙaiƙayi mai tsanani, a zuba hydroquinone, sinadarin sa fata haske, wani lokacin har da sinadarin makuri mai taɓa ƙoda, a kwaɓa da mai mai ƙamshi. Na farkon shi ke cinye kaurin fata har ta koma kamar ledar burodi, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Na biyun idan aka daɗe ana shafawa ana shiga rana, sai ya rikiɗe ya bar baƙin tabo a kan kumatu, wanda ya fi duhun da ake gudu, kuma fitarsa sai an sha wuya. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta hana man kwalliyar da hydroquinone ɗinsa ya wuce kashi 2 cikin ɗari, a 2023 ma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. To amma wa zai auna abin da aka dama a bokiti a bayan ɗaki?

Na ce wa Hajiya ba zan yi wa yarinyar halawa ba, don fatar za ta iya biyo ta. Ban kuma ce ta yar da man a ranar ba, saboda wanda ya daɗe a kan irin wannan, in ya tsaya lokaci guda fuska kan yi ja ta feso da ƙuraje. Wannan aikin likitan fata ne, shi ya san yadda za a janye a hankali, sai na tura su asibitin Malam Aminu Kano. Fata kan ɗauki wajen mako huɗu kafin ta sabunta kanta, na ce ba abin da zan yi a kwana 14 sai lalle da turaren jiki.

Ran Hajiya ya ɓaci. Ta ce a layin baya ma ana yi, kuma da gaskiyarta, ana yi. Kuɗin gyaran amarya guda yana biya min haya da man janareto na wata, na kuwa bi su da kallo har suka hau adaidaita.

Abin da ke riƙe shagon yanzu ba mai hayaniya ba ne. Man kaɗanya da nake sarowa ina tacewa da kaina, da hunturu kamar a yi dambe a kansa saboda kaushi da faso. Sai man kare rana mai lamba 30, wanda har gobe sai na yi dogon bayani kafin a yarda baƙar fata ma tana bukatarsa. Masu zuwa da kyasbi ko makero su ce in goge musu, asibiti nake nuna musu, dilka ba ta kashe su.

Yarinyar ta dawo ita kaɗai bayan wata uku, da takardar likita a hannu. Yatsun ba su gama daidaita ba, amma jijiyoyin sun fara ɓuya. Man kaɗanya ta saya, roba biyu, ta ce kada in gaya wa Hajiya ta zo.