Gyaran Tsohon Zauren Gari: Aikin da Ba Ya Son Gaggawa

Na daɗe ina gyaran tsofaffin gine-gine tare da yarana, amma babu wanda nake shiga da ladabi kamar zauren taron ƙaramin gari, inda majalisa take zama, ake yanke shari'a, ake kuma tara jama'a. Yawancinsu tsari ɗaya suke bi: ƙasa a buɗe take, ginshiƙai ne suke ɗauke da bene domin 'yan kasuwa su baza kaya a inuwa, sama kuwa babban ɗaki ne guda wanda babu ginshiƙi a tsakiyarsa, wani lokaci kuma a ɗora masa ƙaramar hasumiya mai agogo. Zauren garin Thaxted a Ingila, wanda aka gina da katako tun ƙarni na 15, yana nan tsaye da wannan siffa.

Ranar da maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fara hawa da ni cikin rufin irin wannan zaure, bai ba ni ko guduma ba. Cewa ya yi in zauna in gano da kaina abin da ya hana rufin faɗowa. Sai da na daɗe ina kallo kafin na fahimci cewa katakan an haɗa su ne kusurwa uku-uku, kuma doguwar sandar da ta ratsa daga bango zuwa bango ita ce take riƙe bangwayen kada nauyin rufi ya ture su waje. Babu ƙusa a mahaɗar. An fafe rami, an zura harshen katako, an buga turken itace. Har alamomin da kafintocin farko suka tsaga da kurfi, domin su gane wanne zai shiga wanne, suna nan ana karantawa.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne aikin 'yan kwangilar da ake ɗauka saboda araha. Siminti sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista a Ingila, zaurukan da suka girme shi kuwa da kwaɓin farar ƙasa aka gina su, kwaɓin da yake barin danshi ya fita, yake kuma jure ɗan motsin gini ba tare da ya tsage ba. Idan aka yaɓe irin wannan bango da siminti, ruwa yakan shiga ta tsaga ya rasa mafita, fuskar jan bulo ta riƙa ɓarewa, kan katakon da yake cikin bango ya ruɓe ba wanda ya sani. Rabin aikinmu sassaƙe wannan ɓarna ne da hannu, bulo bayan bulo.

Farar ƙasar da muke aiki da ita ana toya dutsenta ne a zafin da ya kai kimanin digiri 900, a jiƙa ta da ruwa, sannan a bar ta ta kwanta aƙalla wata 3 kafin a haɗa da yashi. Masu kawo kaya sun sha kawo mini wadda ba ta nuna ba suna rantsuwa ta cika lokaci, ni kuwa da na murza a yatsa na ji tsakuwa sai in mayar musu. Kwamitin gari ma yakan matsa a gama kafin wani taro, alhali wannan kwaɓi da iska yake ƙarfi a hankali, sai an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu kwanaki kada rana ta busar da shi da wuri.

Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ta tsara ƙa'idojin gyaran gine-ginen tarihi a duniya, ta ce sabon abin da aka sa a madadin wanda ya lalace ya dace da tsohon gini amma a iya bambance shi da na asali. Saboda haka ba ma cire katako gaba ɗaya idan kansa kaɗai ya ruɓe. Mukan yanke ruɓaɓɓen, mu ɗaura sabo irinsa, sannan mu tsaga shekarar aikin a gefen da yake fuskantar cikin rufi, kusa da alamomin kafintocin farko.